Zuwa ga 'yar'uwar da aka ɗage wa tiyatar rage ƙiba

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da haƙuri. Kin ce an sa miki ranar tiyatar rage ƙiba, har kin fara abincin rage girman hanta da ake sa mutum kafin tiyata, sai aka kira ki aka ce an ɗage, ba a kuma ba ki wata ranar ba. Kina tambaya ko ki ci gaba da abincin, da kuma yadda za ki yi da zaman jiran. Ni ma sau biyu aka ɗage tawa, wata 7 na yi ina sauraren kira. Ranar da aka yi ɗagewar farko jakata na ɗaure a bakin ƙofa, na zauna na yi kuka har idona ya kumbura. Saboda haka na san abin da ke ranki.

Bari in fara da abincin hanta, don shi ne na gaggawa. Kada ki ci gaba da shi da kanki. Abinci ne na ɗan lokaci, yawanci mako 2 zuwa 4 kafin ranar aiki, kalori 800 zuwa 1,000 a yini. Dalilinsa shi ne ɓangaren hagu na hanta a kan tumbi yake kwance, dole likita ya ɗaga shi kafin ya kai ga wurin aiki. Idan aka rage sitaci da suga, hanta na ƙone abin da ta ajiye, ruwan da ke tare da shi ya fita, ta yi laushi ta ragu. Ba a tsara shi don a yi watanni a kai ba. Ki kira masu kula da ke ki tambaye su abin da za ki koma ci. In kuwa kina da ciwon suga kina allurar insulin ko shan magani, kada ki kwana ba ki kira ba, don an daidaita maganin ne da ɗan abincin da kike ci, sauya ɗaya ba tare da ɗayan ba yana iya kayar da suganki ko ya hau da shi.

Sai kuskuren da na yi, wanda ba na so ki maimaita. Bayan ɗagewar farko zuciyata ta ce tunda abin ya zama haka, bari in yi bankwana da duk abincin da nake so. Yau bankwana, gobe bankwana, cikin mako 5 na ƙara kilo 6. Da na koma asibiti aka ɗora ni a sikeli, mai ba da shawara kan abinci ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: lokacin da nake cin nan, yunwa nake ji ko baƙin ciki? Na kasa amsawa. A nan na gane wuƙar likita tumbi take ragewa, ba ta taɓa abin da ke tura ni kicin da tsakar dare. Kuma bankwanan ma ba shi da tushe, yawancin abinci za ki sake cin sa daga baya, ɗan kaɗan ne dai.

Daga ranar na mai da jiran makaranta. Tiyatar da aka yi mini ita ce wadda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri kamar ayaba. A wata irin tiyatar kuma, wadda ake yi wa abinci ratse ya tsallake wani sashe na hanji, ɗan aljihun da ake bari bai wuce girman ƙwai ba. Ko wacce za a yi miki, yadda kike ci yanzu ba zai yiwu ba, kuma koyon sabon hali da ciwon ɗinki a jiki ya fi wuya nesa ba kusa ba. Na sayi ƙaramin faranti da ƙaramin cokali. Kowace loma sai na tauna ta sau 20 ko fiye, in ajiye cokali kafin ta gaba, in ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan abinci. Furotin nake fara ci, ƙwai ko kifi ko kaza, don bayan aiki ana so ki samu giram 60 zuwa 80 a yini a cikin tumbin da loma kaɗan ke cika shi.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne raba ci da sha. Babu ruwa tare da abinci, sai bayan minti 30, amma duk da haka ana so ki sha lita 1.5 zuwa 2 a yini, kurɓa kaɗan-kaɗan. Wata 2 cur na yi kafin hannuna ya daina miƙawa ga kofi ina tsakiyar ci. Da a ce an yi mini aikin a ranar farko, wallahi da amai zan koyi wannan darasin. Lemo mai gas ma a lokacin na rabu da shi.

Ki riƙa tafiya a ƙasa kullum. Da minti 10 na fara, gwiwa na ciwo, har na kai 40. Amfaninta ba rage kilo kaɗai ba ne: a ranar aikin ma za a tashe ki ki taka don gudun daskarewar jini a ƙafa, kuma huhun da ya saba aiki ya fi saurin farfaɗowa daga maganin barci. In akwai sigari ko shisha, a bar su aƙalla mako 6 kafin aiki, suna hana ɗinki warkewa.

Ki yi amfani da lokacin ki gyara jininki. Da yawanmu masu ƙiba muna da ƙarancin sinadarin ƙarfe, bitamin D ko B12 tun kafin a taɓa mu, kuma cike giɓin yanzu ya fi sauƙi. Nawa ƙarfen ya yi ƙasa sosai, wata 3 na yi ina shan magani. In kina minshari mai ƙarfi ko an ce numfashinki na ɗaukewa a barci, ki faɗa a gwada ki. Ki kai musu duk magungunan da kike sha su duba. Irin su ibuprofen da diclofenac ana hana su bayan aiki saboda gyambon ciki, to in da su kike lallaɓa ciwon gwiwa, yanzu ne lokacin neman madadi. In kuma kina shekarun haihuwa, ku zauna da maigida da likita: ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aiki, haihuwa kan buɗe da sauri idan nauyi ya fara sauka, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin kuma kan buƙaci a dakatar da ita kamar mako 4 kafin tiyata.

Game da asibiti, kada ki yi shiru kina jira a tuna da ke. Ni duk bayan mako 2 nake kira cikin ladabi, na kuma roƙi a sa sunana cikin waɗanda za a iya kira idan wani ya fasa. Ki tambaya ko gwaje-gwajenki za su tsufa a ce a sake su, kuma kwana nawa za a ba ki kafin sabuwar rana don ki sake fara abincin hanta. Ta wannan hanyar na samu tawa, saura kwana 16 aka kira ni.

Ki gaya mana wace iri za a yi miki, da ko kina da ciwon suga ko hawan jini, sai in faɗa miki yadda makonnin farko na shan ruwa-ruwa bayan aiki suka kasance mini. Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.