Anti, Ina Mastas Amma Shinkafa Ta Gagare Ni

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya haƙuri da mu. Don Allah a sakaya sunana, in abokaina suka gane ni ne na shiga uku da tsiya.

Ni saurayi ne, shekarata 26, ina karatun digiri na biyu, wata biyar kenan da na bar gida na kama ɗaki ni kaɗai kusa da makaranta. Ni ne auta, yayyena mata uku ne, to kin san yadda abin yake, tunda na taso ban taɓa ɗora tukunya ba, ko digirin farko daga gida nake zuwa, in dawo in tarar da kwanona a rufe in ci in tura shi gefe in tashi abina. Wallahi ban taɓa zama na yi tunanin wai wani ne yake tsayuwa a kan ƙafarsa ya yi wannan abu kullum ba.

Ranar farko da na dafa shinkafa ƙasa ta ƙone ƙurmus sama kuma garas-garas, washegari na ce bari in ƙara ruwa sai ta caɓe, cokali ma tsayuwa yake a ciki. Akwai ranar da na ɗora wake na ce kafin ya nuna bari in ɗan duba wata takarda da supabaiza, wato malamin da ke duba aikin bincikena, ya ba ni, ban farga ba sai bugun ƙofar maƙwabcina na ji yana tambaya ko gobara ce, ɗakin ya turnuƙe da hayaƙi, tukunyar nan kwana huɗu na jiƙa ta ina kankara ƙarshe dai na jefar.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na satin da ya wuce. Na samu shinkafa ta ɗan yi kyau ranar Lahadi da rana, don murna na dafa da yawa, na bar ta a tukunya a rufe, Litinin da dare na ɗumama ta sosai har tana tururi na ci, ko awa uku ba a yi ba na fara amai kamar zan amayar da hanjina, washegari ban iya zuwa wajen supabaiza ba kuma ranar ce ya ba ni in kawo babi na biyu. Yanzu tsoron girkin ma nake ji, na koma burodi da shayi da sayen abinci a waje, kuɗin wata ba ya kai ni 20 ga wata, bel ɗina na ƙara masa huda biyu, wanki ya taru a lungu ina ta kallonsa yana kallona.

Kullum Mama ta kira sai ta ce ka ci abinci? in ce na ci har na ƙoshi. Ina jin kunyar ta san gaskiya. Har na fara tunanin in jingine karatun in koma gida. Anti ya zan yi?

Naki, ɗalibi mai ƙona tukunya

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi dariya a wajen cokalin da yake tsayuwa, ka yafe ni, amma da na zo kan aman sai dariyar ta ɗauke, don haka daga nan zan fara.

Ba iya girkinka ne ya kayar da kai ba, ajiyar ce. Ɗanyar shinkafa tana iya zuwa da wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, dahuwa ba ta kashe ƙwayayenta duka, in ka bar dafaffiyar shinkafa a ɗaki tana hucewa a hankali sai su farfaɗo su yi ta yaɗuwa suna zuba guba a ciki, kuma ita wannan gubar ɗumame ba ya karya ta, ko da tururin ya kai rufin ɗaki. Shi ya sa aman ya zo maka da wuri, yawanci tsakanin awa 1 zuwa 6 yake zuwa. Taka kuwa ta fi awa 24 a tukunya. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Selshiyos nan ne ƙwayoyin cuta suke shagalinsu, saboda haka dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje, ka juye shi a faffaɗan mazubi ya huce da sauri ka sa a firij. Shinkafa ka cinye ta washegari, miya da nama za su iya kwana 3, kuma abin da za ka ci kawai za ka ɗiba ka ɗumama, ba a ɗumama abu sau biyu. In ba ka da firij ko wutar ba ta tsayawa, to dafa daidai cikinka, shi kenan. Idan irin wannan ya sake faruwa har ka kasa riƙe ko ruwa a ciki, ko ka ga jini, ko zazzaɓi ya rufe ka, asibiti za ka nufa ba kwanciya ba.

Ita kuma shinkafar da ta raina ka, kofi ɗaya nata kofi biyu na ruwa, da kofin guda za ka auna duka. Wata ta fi wata shan ruwa, amma daga nan ake farawa. In ta tafasa ka rage wuta can ƙasa, ka rufe, ka cire hannunka. Na san halinku, duk minti biyu sai an buɗe an juya, to tururin da kake saki shi ne mai dafa ta sama, wutar da ka ƙure kuma ita ke ƙona ta ƙasa, ka ga inda garas-garas da ƙanzo suka haɗu a tukunya ɗaya. Minti 15 zuwa 20, ka kashe, ka bar ta a rufe wasu minti 10. Wake kuma ka jiƙa shi tun dare, zai rage maka lokaci da gas. Kuma ka sa ƙararrawar waya duk sanda ka ɗora abu, ka ajiye wayar a kusa da murhun ba kusa da littafi ba, yadda dole sai ka taso. Mai karatun bincike in ya nutse ko sunansa ba ya ji, wannan ba laifi ba ne amma tukunya ba ta san uzuri ba.

Tunda hayaƙi ya taɓa tara maka maƙwabta bari in faɗa maka tun yanzu: in mai ya kama da wuta kar ka kuskura ka watsa ruwa, tashi zai yi ya biyo fuskarka, kashe murhun ka kifa marfi a kai. In ka shigo ka ji warin gas kar ka taɓa makunnin lantarki, kar ka ƙyasta ashana, rufe tukunyar gas ɗin ka buɗe tagogi.

Amma ni abin da na hango a wasiƙarka, kana shiga kicin ne lokacin da yunwa ta riga ta ci ka, ka dawo a gajiye kanka cike da babi na biyu, a wannan halin ko ni da na shekara talatin ina girki sai in zuba gishiri sau biyu. Kar ka ce za ka koyi komai. Abu uku kacal: shinkafa, miya ɗaya ta tumatir da albasa wadda za ta hau kan shinkafa ta hau kan taliya, sai ƙwai, wanda minti 10 a tafasasshen ruwa ya ishe shi. Ka yi ta maimaita su har wata guda ko sun gundure ka. Miyar ka yi ta ranar da ba ka da lakca, da rana, cikinka a ƙoshe. Ranar da kuɗin wata suka shigo ka fara sayen kayan abinci masu ajiyuwa kafin komai, abin da ya rage shi ne na kashewa. Wankin nan kuma ka daina jiran ranar da za ka yi shi duka, ba ta zuwa, kala biyar yau kala biyar jibi.

Maganar jingine karatu ban karɓe ta ba, yunwa ce take magana, ka samu sati biyu kana cin abinci mai kyau sannan ka sake tambayar kanka.

Sai batun Mama. Ɗana kana zaton matar da ta raine ka ba ta jin muryar mai yunwa a waya? Ta sani sarai, shi ya sa take maimaita tambayar kullum, tana jira ne ka faɗa da bakinka. Ba ta koya maka ba don ba ka taɓa tambaya ba, su ma yayyen naka sun ɗan cuce ka da gata, amma wannan ya wuce. Ranar Asabar ka yanka albasarka, ka jera komai a gabanka, ka kira ta ta bidiyo ka jingine wayar inda za ta ga cikin tukunya, ka ce Mama yau ke za ki koya min miya. Za ta yi maka dariya, ƙila ta kira yayyenka su zo kallo, ka daure. Ka riƙe biro da takarda a kusa, don in ta ce "ɗan gishiri kaɗan" sai ka matsa mata ta faɗa maka cokali nawa take nufi.