Giyabos da aksil: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Na samu mota ta hannu mai giyar CVT (wata irin giyar otomatik marar matakai), kuɗinta ya yi mini daidai, amma abokaina suna ta tsorata ni wai irin giyar ba ta ƙarko. In saya ko in haƙura?

Amsa: Malam, ruwa ba ya tsami banza. Ƙorafi ya yi yawa a kan CVT ɗin Nissan har kamfanin ya ninka garantin giyar motocinsa na 2003 zuwa 2010 a Amurka, ya kai shekara 10 ko mil 120,000. Amma wannan bai sa kowace CVT ta zama abin gudu ba. Bel ɗin ƙarfe ne a cikinta yake gudu tsakanin faifai biyu masu matsewa da buɗewa, kuma abin da ke kashe shi zafi ne da man da ba nasa ba. Wanda ya zuba mata man otomatik na gama-gari ya gama da ita, ko da wata shida za ta yi kafin ta nuna.

Don haka kada ka yarda a kawo maka motar da zafinta. Ka je da sassafe ka tayar da ita da kanka, ka sa D, ka sa ribas. In ta yi jinkiri sannan ta shiga da fizga, ka lura. Ka tuka ta aƙalla minti 20, ka nemi hawa. In ka taka totur inji na ihu gudu bai ƙaru ba, ko tana karkarwa wajen tashi, miƙa wa mai motar makullinsa. A sa mata kwamfuta, a kuma tambayi ranar da aka canza man giya. Mai cewa "ai wannan ba a canza mata mai" ni dai ba na sayen motarsa.

Tambaya: Motata da farfela take jan tayoyin baya. Tana wani kuka daga baya in na yi gudu, in na ɗaga ƙafa ya sauya. Bakanike ya ce a sayi sabon giyabos.

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Kukan da ke bin taka totur da sakinsa, kuma daga baya, ya fi kama da na aksil, wato difarenshiyal, akwatin da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya: ko boris ya ci, ko haƙora. A kwance murfin tsiyayar man aksil ɗin a duba. Ɗan garin ƙarfe a jikin maganaɗisun murfin ba komai ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji matsala ce. In man ya koma kamar madara, ruwa ya shiga ta bututun numfashi. Sau da yawa sabon boris da mai 75W-90, ko wanda littafin motar ya faɗa, sun wadatar. Ki kai wa bakanike na biyu ya ɗaga ta ya saurara kafin a kwance giyabos ko aksil.