Ɗana, ga dalilin da ya sa na ce mai Ford ɗin nan ya mayar da manifol ɗinsa

Jiya da yamma muna wanke hannu za mu tashi ka ce mini, "Baffa, mutumin nan ya zuba kuɗi ya sayo manifol na alminiyum, dogo, mai ƙaton baki. Me ya sa kuka ce ya mayar? Ba yawan iska ne ke kawo ƙarfi ba?" Magariba ta kawo jiki, ban tsaya na ba ka amsa yadda ya kamata ba. Na ji daɗin tambayar, domin da ni da kai duk ba a cikin irin waɗannan motoci muka tashi ba. Ni a kan Fijo 504 na koyi aiki a Kano, inda ba ma kwance manifol, wato ƙarfen da ke raba iska ga silindojin inji, sai in gasket ya ƙone. Sai da na zo Teksas na tarar da mutanen da ke ɗaukar wannan ƙarfe ɗaya tamkar rawanin mota.

Fara duban abin da ke gabanmu. Jikin motar Ford ce ta 1932, wadda masu hotrod, wato tsofaffin motocin da ake gyarawa don gudu da kyau, suka fi ƙauna, don a shekarar ne Ford ya fara sa injin V8 a motar da talaka zai iya saya. Wancan injin lita 3.6 ne, ƙarfin doki 65. Amma wanda ke cikin motar yanzu ba shi ba ne. Injin lita 5.3 ne na dangin LS, an ciro shi daga akori-kurar Chevrolet Silverado ta 2002, kuma ba a taɓa cikinsa ba. Kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, na kamfani ne, bawul da sifirin ɗinsu na kamfani ne. Ƙarfin doki 285 yake bayarwa a juyi 5,200 a minti, ƙarfin murɗawarsa kuma yana kai ƙololuwa a juyi 4,000. Riƙe lambobin nan biyu, don duk maganar a kansu take.

Abin da ka faɗa game da iska yana da tushe, kuma na san inda ya samo asali. A ƙarshen shekarun 1930 samarin Kalifoniya suna tsere a busassun tafkuna da tsohon V8 ɗin Ford, wanda kafireto guda ɗaya ke shayar da silinda takwas. Injin yana cikin ƙishin iska da gaske. Vic Edelbrock ya ƙera manifol mai ɗaukar kafireto biyu na Stromberg 97, ya sa masa suna Slingshot, ya ɗora a tasa Ford ɗin ta 1932, mota ta buɗe. Tun daga nan magana ta zauna a zukatan mutane cewa in kana son ƙarfi, sauya manifol. A wancan injin gaskiya ne. Shi kuwa LS, tun fitowarsa a Corvette ta 1997, injiniyoyin General Motors sun riga sun yi wa numfashinsa aiki mai kyau. Ba shaƙe yake ba, balle ka ce za ka kwance masa wuya.

Yanzu ga abin da nake so ya shiga kanka sosai. Manifol ba mazurari ba ne da za ka ce in ya fi faɗi ya fi zuba. Tumbi ne guda inda iska ke taruwa, da bututai takwas da ke kai ta bakin kowace silinda. Iskar da ke cikin bututun tana da nauyi, tana gudu, kuma bawul yana buɗe mata yana rufewa sau da yawa a daƙiƙa guda. Ka taɓa rufe famfo da sauri ka ji bututun ruwa ya yi ƙara a bango? Haka iska take yi. Bawul ya rufe, ta yi karo da shi, matsin ya koma baya da gudun sauti har tumbi, ya sake dawowa. In dawowar ta dace da lokacin da bawul yake buɗe, sai ta tura ƙarin iska cikin silinda, kyauta, ba tare da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska) ba. Dogon bututu yana jinkirta dawowar, sai ta dace da inji mai juyawa a hankali ko tsaka-tsaki. Gajeren bututu yana dawo da ita da wuri, ba ta dacewa sai inji yana kururuwa a sama. Ga kuma faɗi. In ka danne bakin tiyo da babban yatsa ruwa yana fita da ƙarfi, in ka sake ya zubo a sanyaye. Bututu mai faɗin da ya fi ƙarfin injin yana sa iska ta yi kasala, silinda ba ta cika a ƙaramin juyi.

To, ɗauki wanda mutumin ya kawo ka leƙa cikinsa. Bututansa gajeru ne, masu faɗi, tumbinsa kamar tukunya. An yi shi ne don injin da ke aiki a juyi 6,000 zuwa 7,000 da sama, mai babban kamshaf, ko mai tabo. Namu kamshaf ɗin kafin ya kai 6,000 ya gama abin da zai yi. Ka ga kenan wurin da manifol ɗin zai fara amfani, injinmu ba ya zuwa can, wurin da injinmu yake rayuwa kuma, nan ne manifol ɗin yake cin ƙarfi. Mai motar dattijo ne, ranar Asabar yake fito da ita, ya zaga gari, ya je taron nuna motoci. A kan babbar hanya allurar juyin injinsa ba ta wuce wajen 2,000. Wani zai ce maka ai motar ba ta da nauyi, da kyar ta haura tan ɗaya, alhali Silverado ta fi tan biyu, don haka ko an rasa ɗan ƙarfi a ƙasa ba za a ji ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma ana yarda da asara ne in akwai ribar da za a samu a gaba, mu kuwa babu ita.

Bakin toturinsa ma haka. Milimita 102 ne, na kamfani kuma 78. Kada ka dubi tazarar 24 kawai, domin faɗin rami ake lissafawa, kuma in ka buga za ka ga ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100. Injin lita 5.3 yana shaƙar lita 2.65 ne a kowane juyi in ya cika maƙil, ko da girman ƙofar gari ka yi masa baki ba zai shaƙi fiye da cikinsa ba. Abin da zai faru shi ne ɗan taɓa totur kaɗan mota ta zabura, a wurin fakin kuma silo ya riƙa hawa da sauka. A mota marar nauyi mai buɗaɗɗen sama, da mutane kewaye da ita suna ɗaukar hoto, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Akwai kuma abin da ko a kan ido ya kamata ka gani kafin a je ga lissafi, kuma daga yau shi za ka fara dubawa a kowane LS. Ƙofofin iskar tof silinda, wato murfin kan inji inda bawul suke, iri biyu ne manya. Akwai doguwa siririya mai tsini a sama kamar tagar coci, ita ce a LS1, LS6, LS2 da injinan akori-kura na 4.8 da 5.3. Akwai mai faɗi mai kusurwa huɗu, ita ce a LS3 da L92. Kusoshin suna iya faɗawa a rami ɗaya, mutum ya ɗauka ya dace, amma ƙofa ba ta hau ƙofa ba, roba ba za ta toshe ba. Na mutumin nan an yi sa'a irin tamu ce. Ba kullum ake yin sa'ar ba.

Za ka ce to me ya sa ba za mu bar na kamfanin ba? Wallahi in don ƙarfi ne kaɗai, da na bar shi. Manifol ɗin akori-kura, duk da muninsa, yana da dogayen bututai, kuma a ƙasa da tsakiya ba kasafai na motocin tsere na kamfanin suke fin sa ba. Matsalarsa tsayi da kama. Baƙar roba ce ƙatuwa a tsakiyar motar da aka yi wa fenti kamar madubi, kuma mai ita yana barin gefen bonet a buɗe. Buƙatarsa halal ce, kyan mota rabin hotrod ne, ban raina masa ba.

Shi ya sa na zaɓa masa manifol na LS6, wanda ya fito a Corvette Z06 ta 2001, aka kuma sa shi a Camaro da Firebird na 2001 da 2002. Gajere ne a tsaye, amma bututansa a naɗe suke a ciki, tsawonsu na nan. In za ka saya na hannu, kifa shi ka duba gindinsa, na LS6 shimfiɗaɗɗe ne. Na gaya masa ƙarara kada ya sa ran mota za ta zama wata daban, ɗan ƙari ne a sama, ƙasa kuma kusan yadda take. In an yi masa fenti kalar motar, zai zauna lafiya.

Sai dai aikin ba cire wannan ɗora wancan ba ne. Bakin LS6 yana ƙasa, yana kallon gaba, sai ya ci karo da wuyan famfon ruwa na akori-kura da ƙaramin fulin da ke riƙe fambel, dole a sauya famfon a matsar da fulin. Nozul ɗin fetur ba tsayinsu ɗaya ba, soket ɗinsu ba iri ɗaya ba, yawan man da suke fesawa ma ya bambanta, kuma in ba a gaya wa kwamfutar injin ba za ta ci gaba da lissafi da tsofaffin. Layin fetur na akori-kurar 2002 yana da bututun mayar da rarar mai tanki, na LS6 ba shi da shi, sai mu sa matatar Corvette mai riƙe matsi a 58 psi. Ga bututun tururi da ke fitowa daga kusurwoyin tof silinda. Na wasu shekarun yana bi ta ƙarƙashin manifol, shimfiɗaɗɗen gindin zai zauna a kansa. Ana toshe na baya biyu kamar yadda kamfani ya yi, amma na gaba dole su tafi lagireto. In ka toshe duka, tururi zai taru a tof, wuri ɗaya ya yi zafi alhali allurar zafi tana nuna lafiya.

Abin da ya rage mini shakka shi ne fili. Tsakanin injin da lagireton motar 1932 wuri kaɗan ne, kuma dole bututun iska da matata su samu inda za su lanƙwasa. In bai isa ba, za mu koma ga manifol mai shaƙa ta sama irin na kafireto, Performer RPM na Edelbrock, mai hawa biyu, wanda aka yi don juyi 1,500 zuwa 6,500. Ba Victor Jr. ba, shi daga 3,500 yake farawa, matsalar ɗazu ce za ta dawo. In ya ce kafireto na gaske yake so, ka tuna LS ba shi da distiributa, kowane fulogi da kwayil ɗinsa, sai an sa akwatin wuta na daban, a kuma sauke matsin fetur zuwa wajen 6 psi, in ba haka ba mai zai malalo a kan inji mai zafi.

Ranar da za mu buɗe, kai za ka yi, ni ina tsaye. Kafin ka ɗaga tsohon, hura iska ka share duk ƙasar da ke gefensa. Da zarar ya tashi, ƙofofi takwas za su buɗe baki suna kallonka, kowace kai tsaye take zuwa kan bawul. Toshe su da tef nan take, kafin ka taɓa komai. In tsumma ka sa, ƙirga su da ƙarfi, takwas suka shiga, takwas za su fito. Washa ɗaya ta noti in ta faɗa ciki ta isa ta fasa fistin. A kwarin da ke tsakiya za ka ga marufan roba guda biyu, ɗaga su. Sensocin da ke sauraron ƙwanƙwasar inji suna ƙasansu, kuma na bayan sau da yawa za ka same shi zaune cikin ruwa mai tsatsa, ja kamar ruwan kududdufi. Sauya su duka biyu da wayarsu tun manifol yana waje, ka zagaye marufan da silikon.

Kusoshin manifol goma ne, sirara. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, ana tsallakawa hagu da dama, zagaye biyu. Ƙarfin ɗaurin na farko 44, na biyu 89, amma inci-fam, ba ƙafa-fam ba. Ƙafa-fam ɗaya inci-fam 12 ne. A shekarata ta farko a ƙasar nan na karanta lambar ban karanta ma'aunin ba, na ɗauki babbar sifanar awo, kusa ta karye a cikin tof ɗin alminiyum, na yi wuni guda ina haƙo guntunta da hannu yana rawa. Ɗauki ƙaramar sifanar, wadda ke cikin jan akwati. In ta Turai ce a hannunka, 5 ne da 10 a ma'aunin Nm.

Bayan an ɗaure, kafin a tayar, mu kunna makulli famfon mai ya cika layi, ka bi kowane nozul da yatsa da hanci. Sannan mu hura hayaƙi cikin manifol mu ga ko zai ɓullo ta wani gefe, daga nan sai wajen mai saitin kwamfuta.

Gobe ka zo da wuri da tef ɗin awo da ƙwallon yumɓun nan na kan shiryayye. Akwai tsohon LS6 a sito, za mu ɗora shi ba kusa, mu manna yumɓu a samansa da gaban bakinsa, mu rufe bonet a hankali mu buɗe, mu auna kaurin da ya rage. In ya kai faɗin yatsa biyu a sama, kuma matata ta samu wuri a gaba, sai in kira mai motar.