Filin Harshe: Kisan Ƙare Dangi, Kujerar Naƙi da Zambar Yaƙi

Allah ya gafarta Malam, kisan kiyashi da kisan ƙare dangi ɗaya ne? Ina jin masu labarai suna musanya su yadda suka ga dama. (Ɗalibin shari'a, Zariya)

Ba ɗaya ba ne, ɗana, kuma kai da za ka zama lauya bai kamata su ruɗe ka ba. Kiyashi dai ka san su, ƙananan tururuwan nan masu yanyame sukari. In ka sa tafin hannu ka murje su, kai kanka ba ka san nawa ka kashe ba. To kisan kiyashi maganar yawa yake yi, da rashin ɗaukar ran mutum a bakin komai. Kisan ƙare dangi kuwa maganar niyya yake yi: a shafe iri, kada a bar na baya.

Wanda ya fara ɗora wannan suna a Hausa ya yi basira, domin ya hau daidai kan abin da dokar ƙasa da ƙasa take nufi. Wani lauya Bayahude ɗan Poland, Raphael Lemkin, shi ya ƙirƙiro sunan laifin a 1944, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta yi masa yarjejeniya a 1948. Sharaɗinta shi ne a tabbatar da niyyar halaka wata al'umma, duka ko wani sashe nata, saboda ƙasarta, ƙabilarta, launinta ko addininta. Dubi Bosniya. A 2007 Kotun Duniya ta ce abin da aka yi a Srebrenica a Yulin 1995, inda aka kashe Musulmi maza da samari kimanin 8,000, ƙare dangi ne. Sauran kashe-kashen yaƙin, duk da sun fi haka yawa, ba ta ba su wannan suna ba, saboda ba a tabbatar mata da niyyar ba. Wannan bai mayar da su halal ba, suna da nasu sunan a cikin manyan laifuka.

Sai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: masu rubuta "kisan kare dangi" ba lanƙwasa. Kare dangi ai ba su kariya ke nan! Ka tashi zargin azzalumi, ka ɓige da wanke shi, don kawai ganda ta hana ka neman ƙ a wayarka.

Tunda na ambaci Kotun Duniya, bari in fitar da wani abin da ya daɗe yana damuna. Kotuna biyu ne a birnin Hague, amma mutanenmu sun cure su wuri ɗaya. Kotun Duniya, mai alƙalai 15, ƙasa da ƙasa take yi wa shari'a. Ita ta ba Kamaru Bakassi a 2002, ita ta raba gardamar Nijar da Benin kan tsibirin Lete a 2005, kuma gabanta Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a Disambar 2023. Ba ta kama kowa, ba ta ɗaure kowa. Mai sammacin kama mutum ita ce Kotun Hukunta Manyan Laifuka, wadda ta fara aiki a 2002: ita ta nemi Umar al-Bashir a 2009, Putin a 2023, Netanyahu a 2024. Don haka in ka ji an ce "Kotun Duniya ta ba da umarnin kama wane", ka san mai maganar bai yi bincike ba.

Me ya sa ake cewa ƙasa ta "hau kujerar naƙi"? (Wata baiwar Allah, Kumasi)

"Na ƙi" ce aka mayar suna, Malama. Kujerun biyar ne a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya: na Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Ɗaya ta ƙi, ƙuduri ya mutu.

Malam, Bahaushe ya ce "yaƙi ɗan zamba ne". Ashe ke nan dokokin yaƙi da ake ta faɗa aikin banza ne? (Tsohon soja, Maraɗi)

Yallaɓai, ka ja karin maganar ta wuce inda masu ita suka ajiye ta. Zambar da ake nufi dabara ce: kwanton ɓauna, sammako, nuna gabas a faɗa yamma, juya baya kamar an gudu don abokin gaba ya biyo ya faɗa tarko. Maganar ta yi daidai da hadisin nan da ya ce yaƙi yaudara ne, kuma malaman fiƙihu da suka yi sharhinsa ba su taɓa cewa ya halatta cin amana ba. Wanda ka ba amana, ya ajiye makami, jininsa ya haramta gare ka.

Abin sha'awa, masu dokar zamani a nan suka ja layinsu. Yarjejeniyar farko da aka ƙara a kan yarjejeniyoyin Geneva, ta 1977, a sashe na 37, ta halatta ɓad da kama da launin daji, da kafa tankokin bogi, da yaɗa labarin ƙarya don a ruɗa maƙiyi. Abin da ta hana shi ne ka ɗaga farar tuta, ko ka kwanta kamar mai rauni, ko ka yi shigar farar hula, sai an saki jiki an matso ka buɗe wuta. Dalilin a fili yake: in aka ci amanar farar tuta yau, gobe wanda ya ɗaga ta da gaske harsashi zai sha. Saboda haka Hausa tana da kalmomi biyu, a yi amfani da su. Na farko dabara, na biyu ha'inci. Masu fakewa da wannan karin magana don su wanke ƙona kasuwa ko asibiti, harshen ma ba su iya ba.

Mene ne asalin "takunkumi"? (Ɗan kasuwa, Birnin Ƙonni)

Ɗan saƙin igiya ko kaba da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki don kada ya yi ɓarna a gona ko ya yi cizo. Yana tafiya, yana ganin abinci, ba halin ci. Kai da ke bakin iyaka ba sai na yi maka dogon bayani ba, ka ga wanda ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Fabrairun 2024. Ana sa shi, ana ƙaƙaba shi, ana cire shi ko a ɗage. Ba a "ba ƙasa takunkumi", ba kyauta ba ce.

Tsagaita wuta da sulhu fa? (Malamar makaranta, Katsina)

Ruwa in ya tsagaita bai ɗauke ba, yana iya dawowa kafin ki kai gida. Koriya ta Arewa da ta Kudu tun 1953 suke kan tsagaita wuta, har yau ba yarjejeniyar zaman lafiya tsakaninsu. Sulhu, daga Larabci, sai an zauna an kashe maganar da ta jawo faɗan. Ki gyara wa ɗalibanki in sun haɗa su.