Fentin manifol ba irin na bodi ba ne

Sani, ka tambaye ni dalilin da fentin da ka fesa wa manifol ɗin Fijo 504 ɗin nan ya ƙone ya ɓare tun motar ba ta bar gareji ba. To, zauna ka ji.

Manifol shi ne farkon inda hayaƙin inji ke bi kafin ya kai salansa. Idan mota ta kama hawa, kamar daga Akwanga zuwa nan Jos, zafinsa yakan wuce digiri 500 a ma'aunin Celsius. Fentin bodi ba zai jure ko rabin haka ba, jar faramar nan, wato shafin farko da ka sa a ƙarƙashin fentin, ma haka. Sai fentin zafi na gwangwani, irin su VHT, kuma kai tsaye a kan ƙarfe.

Amma ko shi ba ya kama ƙarfe mai datti. Kas, wato ƙarfen zubi da aka yi manifol da shi, yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, shekara da shekaru yana shan baƙin mai. Ka kankare tsatsar da burushin waya har sai ƙarfen ya yi toka-toka, sannan ka gasa shi a hankali, ko'ina daidai, za ka ga mai yana tsattsafowa kamar zufa. Ya huce, ka goge da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ka sake gasawa. Kada ka wanke da gas ko kananzir, maiƙo suke bari. Daga nan kada hannunka ya ƙara taɓa shi sai da tsumma mai tsabta. A lokacin ne kuma za ka duba ko ya tsage, domin waldar kas sai an dumama shi, kuma kafin fenti ake yi.

Sanyin safiyar garin nan yana sa ƙarfe ya yi raɓa, don haka bari rana ta ɗaga. Fesa kaɗan-kaɗan, shafi biyu ko uku. Mai kauri shi ke fara tsagewa. Ka rufe fuskar gasket, wato inda manifol ke manne da inji, da zaren noti, fenti bai da aiki a wurin.

Inda yara ke ɓata aiki shi ne gaggawa. Fentin nan zafi ne ke ƙarasa shi. Ka ɗaura manifol ɗin a inji, ka bar injin a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, minti 10, ka kashe ya huce minti 20, ka sake tayarwa minti 20, ya ƙara hucewa, sannan a hau titi rabin awa. Zai yi hayaƙi da wari, kada ka tsorata, amma a fili za ka yi. Ɗauko sifana mu kwance shi.