Amsa: In sayar da tsohon iPad ɗina in sayi mai M4?

Malam, ka tambaya ko ka rabu da iPad Pro ɗinka na 2021 ka sayi mai M4 (M4 sunan ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da na'urar ne) da Apple ta fitar a watan Mayun 2024. Gaskiya allon ne ya fi burge ni. Nau'in allon da ake kira OLED ne, in ka kashe fitila da daddare sai ka ga baƙin cikin hoto baƙi ƙirin, rubutu kuma tar. Mai inci 13 kaurinsa milimita 5.1 kacal.

Amma ka lura, Apple Pencil 2, alƙalamin rubutu a kan allo, ba ya aiki da shi, sai ka sayi sabon alƙalami. Babu wurin saka sim, eSIM ne kawai, wato sim ɗin da ke haɗe a cikin na'urar, ba kati ba. Wanda bai kai mai inci 13 girma ba ma daga dala 999 ya fara lokacin da ya fito a 2024. In karatu da kallo ne aikinka, ka riƙe naka, M1 ɗin da ke cikinsa bai gaji ba tukuna.