Kafinta ya dawo Garwa: albashin kamfani mai sandika ko aikin yini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, na yi shekara 11 ina aiki a unguwar Birketiri a Yawunde, yanzu na dawo Garwa da matata da yara huɗu. Wata biyu ke nan ban samu aiki mai kama jiki ba. Wani kamfanin gini ya ce zai ɗauke ni a kan sefa 75,000 a wata, amma ma'aikatansa suna cikin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ana yankar musu kuɗi. Wani ɗan kwangila kuma ya ce 4,000 a yini, hannu da hannu, ba takarda ba yanke. Kafintocin unguwarmu su ma suna da ƙungiya, sun ce in biya 10,000 in shiga. Ina da ajiyar 350,000 da kayan aikin hannu. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, barka da dawowa gida. Allah ya sa an dawo a sa'a.

Kafin a shiga lissafi sai mu raba abu biyu da ka haɗa a tukunya ɗaya, don duka ana ce musu ƙungiya. Sandika ta masu cin albashi ce, tana tsayawa tsakaninka da mai kamfani. Ƙungiyar kafintocin unguwa kuwa ta masu cin gashin kansu ce, ba ta da maigidan da za ta ja da shi, amfaninta sanayya da samun aiki. Shiga ɗaya ba ya hana shiga ɗayar. Kuma a Kamaru katin sandika ba ya ba mutum aiki. Dokar ƙwadago ta 1992 ta bar wa kowane ma'aikaci zaɓi, ya shiga ko ya ƙi, an kuma hana mai kamfani ya ɗauki mutum ko ya kore shi saboda wannan. Ko kuɗin sandikar ba a yanka daga albashinka sai ka sa hannu ka yarda. Saboda haka abin da ke gabanka a zahiri zaɓi ne tsakanin aiki mai takarda da aiki marar takarda.

To ga lissafin. Sefa 4,000 sau kwana 26 ya ba da 104,000, ga 75,000 a gefe, kowa ya kalla zai ce ɗan kwangila ya yi nasara. Amma wane shantiye, wato wurin gini, ke tafiya kwana 26 a wata ba tsayawa? Yau siminti bai iso ba, gobe magina ba su gama ba balle a kira kafinta, jibi kuɗin mai gini sun yanke sai ƙarshen wata. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa ma yana cin nasa kwanakin. Ka ɗauka ka samu kwana 17 a wata in an haɗa shekara gaba ɗaya, 68,000 ke nan, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai babu ko dala. Kada ka tsaya a kan ƙiyasinmu, ka tambayi mutum biyu da ke aiki da ɗan kwangilar kwana nawa aka biya su a watan jiya da watan da ya gabace shi.

Ta ɓangaren kamfani, cikin 75,000 za a cire kashi 4.2 cikin ɗari na fansho, wato 3,150, zuwa CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata ta ƙasa, sai ɗan haraji da kuɗin sandika idan ka shiga. Abin da mutane ba sa sawa a lissafi shi ne abin da mai kamfani ke zubawa daga aljihunsa: wani kashi 4.2 na fanshonka, da kuɗin tallafin iyali, da kuɗin inshorar haɗarin aiki. Tallafin iyalin nan ka riƙe shi da kyau, don tun 2024 ya koma sefa 4,500 a wata ga kowane yaro. Yaranka huɗu, 18,000 ke nan a kan albashi, muddin suna da takardar haihuwa kuma ka kai shaidar makaranta ta waɗanda suka isa shiga. Yawancin masu rasa wannan kuɗi takardar haihuwa ce ke kayar da su, in akwai yaron da ba shi da ita ka fara bin ta tun yanzu. Ga hutun da ake biya, yini ɗaya da rabi a kowane watan aiki, kwana 18 a shekara. Sai haɗari. Kafinta mutum ne da ke yini a saman rufi da gefen injin tsaga. In ka faɗo ko zarto ya ɗauke maka yatsu, kamfani mai rajista dole ya sanar da CNPS cikin kwana uku na aiki, a biya magani da diyya. A wajen ɗan kwangila, in ya ji tausayi ya biya kuɗin babur zuwa asibiti, washegari wani ya hau tsaninka.

Duk wannan sai in takardar ta gaske ce, a nan kuma ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Akwai kamfanin da zai yanki kuɗin fansho duk wata ya ƙi kaiwa. Kafin ka fara, ka nemi kwantiragi a rubuce mai ɗauke da matakinka, da albashi, da tsawon lokaci. Mataki na da muhimmanci: yarjejeniyar ma'aikatan gine-gine ta raba mutane aji-aji, kuma mai shekara 11 a sana'a bai kamata a rubuta shi lebura ba. Mafi ƙarancin albashi a wannan fanni tun 2023 sefa 60,000 ne, ka ga 75,000 ba ta yi wa na ƙasa nisa sosai ba, akwai wurin ciniki. Lokacin gwaji ma sai an rubuta shi yake zama gwaji. In ka taɓa samun lambar CNPS a Yawunde, ita za ka bayar, kada a buɗe maka sabuwa, don fansho na bukatar wata 180 na zubi kuma watannin baya suna haɗuwa da na gaba. Bayan wata uku ka je ofishin CNPS na Garwa da katin shaidarka ka ce a duba maka ko zubin yana shiga. Takardar albashi kuwa kowace ka adana ta cikin leda, ranar rigima ita ce bakinka.

Ita sandikar, mu a ganinmu ka shiga, amma ka san iyakarta. Wanda zai yi maka amfani yau da gobe shi ne delege, wakilin ma'aikata da doka ta wajabta a zaɓa a duk wurin da ke da ma'aikata 20 ko fiye, wanda ba a iya korarsa sai da izinin insifektan ƙwadago. Shi ke kai kuka in albashi ya wuce kwana takwas bayan ƙarshen wata bai fito ba, ko an sa ku aiki fiye da awa 40 a mako ba ƙari, ko an hana ku hular kwano da takalmi. Gwajin sandika mai rai ba wuya: ka tambayi tsofaffin ma'aikata yaushe aka yi zaɓen delege na ƙarshe, da ko ya taɓa karɓo wa wani haƙƙinsa. In suka kalli juna suka yi dariya, to sandikar suna ce kawai. Ko haka ne ba ka rasa komai ba, hanyar insifekta a buɗe take ga ɗan sandika da wanda ba ɗan sandika ba, can ake fara sulhu kafin kotu, kuma bashin albashi kana da shekara uku na nemansa.

Aibin kamfani shi ne aikinsa na ƙarewa da ƙarewar gini. Garwa ta ga haka lokacin gasar cin kofin Afirka da aka buga a 2022: da aka gama filin wasa na Rumde Ajiya da otal-otal, ma'aikata suka watse. Kuma aikin da za su ba ka galibi kafa katakon zuba kankare ne, ba gado da kujera ba. Shi ya sa 10,000 ɗin ƙungiyar unguwa muke cewa ka biya, ko da ka karɓi aikin kamfani. Baƙo makahon gari ne, ko da a garin aka yanke masa cibiya, in ya yi shekara 11 ba ya nan. Su ne suka san wane Alhaji ke biya da wane ke ja, wane mai katako ke ba da kaya bashi, wane mai injin ke tsaga daidai. In aikin benci na makaranta ya faɗo wa ɗayansu kafin komawa karatu a Satumba, 'yan ƙungiya yake kira. Sai dai ka nemi rasit, ka tambaya ko sun yi rajista a ofishin firefe, wato shugaban gunduma, ka ji mutum nawa ke sa hannu kafin a taɓa asusu. In akwatin kuɗi a ƙarƙashin gadon shugaba yake kwana, ka shiga don zumunci, amma kada ka zuba adashe mai nauyi.

Neman aiki a Garwa da ƙafa ake yi. Ka yi rajista a FNE, hukumar samar da aiki, da kuma littafin masu sana'ar hannu a ofishin magajin gari, amma kada ka zauna jiran waya. Da sassafe ka zauna wajen masu sayar da katako da kwanon rufi, don duk mai gini sai ya bi ta nan, kuma mai kanti ake tambaya ina kafinta mai kyau. Ka ƙulla da magina biyu ko uku, su ke fara sanin gidan da ya kai lintal. Hotunan aikinka na Yawunde su kasance a waya, goma masu kyau sun fi ɗari. Ka kuma gyara Fillancinka na kasuwa, musamman ƙidayar kuɗi: a nan da dala (sefa 5) ake ƙirga, temerre, wato dala ɗari, sefa 500 ce, boro kuma jaka guda. Ƙofa da taga masu walda sun cinye kasuwarsu, abin da ya rage wa kafinta rufi ne, da silin, da kayan ɗakin amare, waɗanda ke tashi bayan kaka da lokacin da manoma suka karɓi kuɗin auduga daga kamfanin Sodecoton.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da kafintan da ya ƙware a kudu, mun kuma fi so ka ji shi da kunnen basira, don aiki ɗaya da ya lalace ya isa ya rufe maka unguwa. Katakon da ake sayarwa a nan, ayus fari da sapeli ja, daga dazukan gabas yake zuwa, ta Bertuwa da Belabo, ya sauka Ngaundare, tirela ta kawo shi. Da ɗanyantakarsa yake isowa. A Yawunde iska mai laima ce, in ka haɗa shi haka ba ya motsi sosai. A Garwa hunturu da zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, suna tsotse shi tas. Ƙofar kabad mai faɗin santimita 80 da aka haɗa da ɗanyen falanki tana iya rasa santimita ɗaya ko fiye, haɗin ya buɗe har ka hango kayan amarya ta tsagar, saman tebur ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Mai kaya ba zai ce katako ba ne, cewa zai yi ɗan Yawunde bai iya ba.

Maganin sai haƙuri. Ka jera falankin a inuwa, ba a rana ba, a ɗage shi daga ƙasa da bulo, tsakanin kowane falanki da na samansa a sa sanduna masu kaurin santimita 2, tazarar rabin mita, kowace sanda a saitin ta ƙasanta, a ɗora nauyi a sama. Bakin falankin ka shafa masa ragowar fenti don ta nan yake fara tsagewa. Ayus mai kaurin santimita 3 ka ba shi mako uku zuwa huɗu a rani, sapeli ya fi haka jinkiri. Allon tsakiyar ƙofa ka bar shi yana yawo cikin kwarminsa, kada ka sa masa gam. Farin gam kuma a wannan zafi kafin ka juya ya fara kamawa, sai ka jera komai da matsi a hannu kafin ka shafa, ka yi haɗin da safe. Ayus abincin gara ne da ƙwaro, duk wanda zai hau rufi a jiƙa shi da magani tukuna, har da wuraren da aka yanka. Guguwar farkon damina kuwa ba ta wasa da rufin da aka dogara da ƙusa kaɗai: a bar rodi mai milimita 6 cikin kankaren saman bango a naɗe katakon da shi, ka gaya wa magini tun kafin ya zuba.

Shawararmu a dunƙule: in kamfanin ya ba da kwantiragi da lambar CNPS, ka karɓa, ka shiga sandika, ka shiga ƙungiyar unguwa, ka riƙa ɗaukar ƙananan ayyuka a ranakun hutu har sunanka ya zauna. In suka fara cewa ka soma tukuna takarda za ta biyo baya, to su da ɗan kwangilar duk ɗaya ne, sai ka bi wanda ke biya kullum. In hakan ta kasance, ka riƙe ɗan littafi da shugaban aiki zai sa hannu kowane yamma, kada bashinka ya wuce mako guda, ka kuma san sunan babban kamfanin da ya ba ɗan kwangilar aikin, don doka ta ɗora wa kamfanin biyan ma'aikata in ɗan kwangila ya gaza biya a kan shantiyen kamfanin. Akwai kuma zubin sa-kai a CNPS tun 2014, kashi 8.4 na kuɗin shigar da ka bayyana, amma fansho kawai yake rufewa, ban da haɗari da tallafin yara.

Sefa 350,000 ɗin nan kada ka kama shago da su bana, kada ka sayi injin, ga wuta da ke ɗaukewa a tsakiyar aiki, ga masu injin da za su tsaga maka su goge a kan kuɗi kaɗan. Ka ware 200,000 na cefane da haya, ba a taɓawa. Da 100,000 ka sayi falanki ka jera ya bushe a gida, don busasshen katako a hannu shi zai bambanta ka da na kusa da kai ranar da aikin gaggawa ya zo. Sauran na ƙungiya ne da takardun yara da gyaran kayan aiki. Duk aikin da ka karɓa na kanka, ka rubuta kuɗin kaya daban da kuɗin hannu daban, ka sa cewa farashin na mako biyu ne saboda katako na hawa da sauka da yanayin hanya, kuma kada ka ɗaga zarto sai kuɗin kaya sun shigo cif, da sulusin kuɗin hannu.